Fadamar Mummo Aune

"Mama, in mutum ya san abu ya yi shiru bai faɗa ba, shi ma ƙarya ya yi?"

Iklima ce ta yi tambayar, bakinta cike da burodi, ƙafafunta suna lilo a ƙarƙashin teburin kicin ɗin Aune. Da da Hausa ta yi, da abin ya zo da sauƙi. To amma a gidan Aune yaren ƙasar ake yi, kuma yarinyar ta fi uwarta iya shi nesa ba kusa ba, don haka kalma ɗaya ba ta ɓace wa matar gidan ba.

Barira ta ji kofin da ke hannunta ya yi mata nauyi. Ta ajiye shi a hankali, ta ce wa 'yarta da Hausa ta haɗiye abin da ke bakinta, ba a magana ana tauna. Aune tana tsaye a bakin taga ta ba su baya, tana kallon tsallaken titi inda tsoho Veikko yake jera itacen hunturu. Ba ta juyo ba ta ce, "Ya danganta da wanda shirun ya faɗa wa a ka." Sai ta ja labule, ta dawo ta ƙara wa yarinyar madara.

Aune maƙwabciyarsu ce, bango ɗaya ya raba su a jerin gidajen da ke bayan garin Kajaani, can ƙasar Turawa mai ƙanƙara. Lokacin da Barira da mijinta Sagiru suka tare a nan, tana da tsohon ciki, hunturu guda cur tsohuwar ba ta ba ta abin da ya wuce gyaɗa kai ba. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti ne ta tarar da 'yar leda a rataye a marikin ƙofa, da safar ulu ta jarirai a ciki, saƙar hannu, babu suna babu sallama. Daga nan abin ya fara, a hankali, kamar narkewar ƙanƙara. Bakin Barira bai taɓa iya kiran sunan tsohuwar gatsau ba, ko da yake haka kowa yake kiranta har yaran unguwa. Sai da Iklima ta fara magana ta ce mata Mummo, wato kaka, sannan uwar ta samu abin kamawa.

Yanzu Iklima ta shiga shekara ta shida. Sagiru direban babbar mota ne, yana arewa fiye da yadda yake gida. Barira tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma duk ranar da aikin yamma ya faɗo mata, Aune ce take ɗauko yarinyar daga makaranta, ta ba ta abinci, ta duba ko safarta ta jiƙe. Ita ta koya mata tafiya a kan ƙanƙara, ita ta koya mata iyo a tafki. Kakannin Iklima na jini fuskoki ne a cikin waya, ta ce musu ina kwana a kunyace ta ruga. Kakar da take iya hawa cinyarta ɗaya ce a duniya. Barira kuwa ta san halin wannan kakar: ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma in ta rufe wa mutum ƙofa ta rufe ke nan. Tana da ƙanwa a can garin Oulu da rabonsu da magana tun wata kalma da ta fita a jana'izar mahaifiyarsu.

Abin ya faro ne a ƙarshen watan Yuli. Wata safiya Aune ta ƙwanƙwasa musu ƙofa ta ce su sa takalman roba su ɗauko bokiti. Ba ta ce ga inda za su ba. Suka shiga motarta, suka bar kwalta suka hau tsakuwa, suka bar tsakuwa suka shiga wata 'yar hanya da ciyawa ta cinye, sannan ta cusa motar a bayan wani tarin gungume ta kashe. Barira ta ɗauka inuwa take nema wa motar.

Suka yi ta tafiya cikin itatuwa har ƙasa ta fara lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, sai ga fadama ta buɗe a gabansu, shimfiɗe da gansakuka mai laushin katifa, sauro kuwa kamar an aika musu goron gayyata. Ko'ina ka duba hilla ce. Ɗan tsiro ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, kowanne da ɗa ɗaya tak a kansa. Aune ta tsuguna ta nuna wa Iklima: wanda ya yi ruwan zuma, ya yi laushi, yana faɗowa hannu da kansa, shi ne nunanne. Ja kuwa, mai tauri, wanda ganye ya rungume, ta ce jariri ne, a bar shi ya yi barcinsa. Iklima ta riƙa bi tana yi wa jajayen raɗa, wai kada su farka.

Ba su samu da yawa ba, gindin bokiti kawai suka rufe, don yawanci ba su nuna ba. Aune ta ce mako mai zuwa za su dawo, lokacin sai sun rasa abin zubawa. Ta hura wuta a wani tudu, ta dafa kofi a baƙar butarta, suka zauna. Can, tana kallon fadamar, ta ce marigayi mijinta Eino ne ya kawo ta nan tun kafin su yi aure, shi kuma mahaifinsa ya nuna masa. Ta ce ko matar ɗanta ba ta taɓa kawowa ba.

"Ke ce ta farko," in ji ta.

Daɗi ya cika Barira har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi godiya, ta yi wa Eino fatan alheri, ta fito da waya ta ɗauki hotuna. Ta ji girmamawar da ke cikin maganar sarai. Sauran rabin ne ba ta ji ba, don ba a furta shi ba. Ta daɗe a ƙasar, ta san ba a zuwa gidan mutum sai an sanar, ta san daji na kowa ne, doka ta ba kowa damar tsinkar abin da ya samu. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne wurin hilla ba a faɗarsa, ko ga ɗan'uwa, ko a bakin mutuwa sai an zaɓi wanda za a bar wa.

Ranar Asabar aka yi suna a gidan wata 'yar Nijar, matan garin baƙaƙen fata duk suka hallara. Barira ta ɗebi rabon da Aune ta ba ta ta kai a ɗan kwano, don ba ta iya cin abu mai daɗi ita kaɗai. Anti Ramatu ce ta fara ɗanɗanawa. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme su duka, ita ce uwar kowa a garin. Ita ta kwana uku tana dama wa Barira kunun kanwa lokacin jego.

"Ke Barira, kin zama Baturiya," in ji ta. "Mutum goma sha, ki kawo abu a cokali kamar maganin tari? Ina ake samunsa, ko gonar babanki ce?"

Aka yi dariya, Barira ma ta yi. A gida wanda ya ga bishiyar ɗinya ta nuna ai ƙawaye yake kira. Ta buɗe waya ta nuna musu hotunan, ta tura wa Anti Ramatu ɗaya, wayar kuma ta haɗa da taswirar wurin kamar yadda ta saba. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Ta koma ta ci gaba da cin masa.

Kwana biyu bayan nan, da yamma, aka danna ƙararrawa. Anti Ramatu ce da bokiti a hannu, ƙafar wandonta duk laka, fuskarta ta kumbura da cizon sauro, tana ta fara'a. Ta ce mota biyu suka cika suka je, har da mazan wasu, sun share wurin tas, ga rabon mai nuna hanya. Ta ce sun zaɓo jajayen masu kyau, ruɓaɓɓun nan masu ruwan ɗorawa da ke fashewa a hannu sun bar su, wasu ma sun tattake. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta ga abin da Turawa suke ji a abin nan ba, ga tsami ga tauri, na ranar suna ya fi daɗi.

Iklima ta leƙa bokitin. Ta ɗago ta dubi uwarta, ta ce, "Jariran ne."

Ba bokitin Barira ta fara dubawa ba, tagar Aune ta duba. Ta karɓe shi da sauri, ta yi godiyar da ba ta san me ta ce a ciki ba, ta sallami baƙuwar tun daga ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juye jajayen a ledoji ta cusa su can ƙasan firiza, ta danne da kaji. Sannan ta durƙusa a gaban 'yarta, ta riƙe kafaɗunta, ta ce kada ta kuskura ta faɗa wa Mummo. Yarinyar ta tambayi dalili. Ta ce don Mummo za ta ji ciwo a ranta. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Abin da ta hango shi ne ƙofar nan ta kusa a rufe, da Iklima tsaye a bakinta tana danna ƙararrawa ba a buɗewa.

Da ta kira Sagiru ta gaya masa, cewa ya yi ta je ta faɗa wa tsohuwar kawai, in ya so in ya dawo ya sayo mata hilla a kasuwa. Ta ce ba maganar hilla ba ce. Ya ce to maganar me ce? Ta rasa yadda za ta yi masa bayani, ga ƙarar mota, sai ta ce ya kula da hanya.

Ranar komawa ta zo. Aune ta riga ta tambayi ranar hutunta tun tuni, babu hanyar zillewa. Wannan karon bokiti huɗu ta sa a bayan mota, har da gasasshen cukun da ake ci da hilla, wai su ɗanɗana tun a can. Tun daga bakin 'yar hanyar suka ga sawun tayoyi. Da suka fito fili, fadamar ta zama kamar inda aka yi kokawa: gansakuka a tattake, ramukan ƙafa cike da ruwa, tsirrai a tuge da saiwarsu. Can da can kana ganin ɗigon ruwan zuma a murje cikin laka.

Aune ta tsaya da bokiti a kowane hannu. Ta daɗe a tsaye har sauro suka rufe mata wuya ba ta kore su ba. Barira ta buɗe baki, Allah ya sani ta buɗe, amma ta dubi Iklima da ta ƙanƙame rigar tsohuwar, sai ta mayar ta rufe. Daga baya Aune ta hau tudun nan ta hura wuta ta dafa kofi, don ita ba ta san a zo daji a koma ba a sha kofi ba. Sai da ta shanye ta zubar da guntun a kan wutar sannan ta ce, "Veikko."

Veikko ƙanin Eino ne, gidansa yana kallon nata. Matarsa ta rasu, gwiwarsa ɗaya ta lalace, bakinsa ne kawai bai tsufa ba. Shi yake share mata ƙanƙarar ƙofa da tarakta, ita kuma duk Juma'a ta gasa baƙin burodi ta kai masa ɗaya. Tsakaninsu wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji. Duk bazara sai ya ce bana kam zai bi sawunta ya gano fadamar gidansu da ta ƙwace, ita kuma ta ce da wannan gwiwar ko kujera ba zai iya bi ba. To a makon nan ya yi baƙi daga birnin Helsinki, surukan ɗansa, da sababbin takalman roba masu sheƙi, kuma a kunnen Aune ya yi musu alkawarin zai kai su inda hilla ta gaskiya take. Ta ce Veikko da hannunsa ba zai tsinki ɗanye ba, amma mutanen birni za su yi abin da ya fi haka.

Barira ta ce, "Anya kuwa, Mummo?" Iyakar abin da ta iya ke nan.

Juma'a ta zo burodi bai tsallaka titi ba. Ta biyu ma haka. Veikko ya ɗingiso ya ƙwanƙwasa, Barira tana jin sa ta bango yana cewa, "Tsohuwa, mutuwa kika yi ba a sanar da ni ba?" Aune ta ce tana da aiki, ta mayar da ƙofa. Ya daɗe a tsaye a wurin da hularsa a hannu kafin ya juya.

Washegari ya tare Barira a wurin zubar da shara. Babu wasa a fuskarsa, abin da ba ta taɓa gani ba. Ya ce ita ce take shiga gidan kullum, ko ta san abin da ya yi wa matar wansa? Ya ce ya yi ta lissafi a ransa bai gano ba, in wata magana ce ta fita daga bakinsa, to bakin nan dama ba shi da birki. Barira ta ce ba ta sani ba. Tana riƙe da hannun Iklima lokacin, sai ta ji ɗan hannun ya sandare a cikin nata.

Daga ranar yarinyar ta canza. Ita da take rugawa gidan Aune tun kafin a cire mata jaka, sai ta fara cewa cikinta yana ciwo. Malamarsu ta ce ta daina magana a aji. In Aune ta ɗora ta a cinya sai ta zame ta sauka. Tsohuwar ta sayo mata maganin tsutsar ciki, ta tambayi Barira ko wani yana takura mata a makaranta. A haka aka kai ranar da ta yi tambayar nan a teburin kicin.

Da suka koma gida, Barira ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana tsefe mata kai, don washegari akwai iyo. Ta yi niyyar yi mata faɗa a kan abin da ta yi. Kafin ta fara, yarinyar ta ce, kanta a sunkuye, ita fa ba ta faɗa ba. Ta ce kullum maganar tana tahowa har nan, ta nuna maƙogwaronta, sai ta cije harshe ta mayar da ita, shi ya sa cikinta yake ciwo. Ta ce in ba ta je gidan Mummo ba ai ba za ta faɗa ba, ko za a bar ta ta riƙa zama a makaranta har Mama ta tashi aiki?

Barira ta ajiye matajin. Ƙofar da take tsoron a rufe wa 'yarta, ga shi yarinyar tana rufe ta da kanta, kuma ita ce ta miƙa mata makullin. Ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ita babba, ta ɗora wa 'yar shekara shida, ta koma tana mamakin me ya sa yarinya ba ta cin abinci. Ta juyo da ita ta ce ta daina cije harshe, gobe Mama za ta faɗa da bakinta, kuma babu laifin Iklima ko ɗaya a ciki. Yarinyar ta tambaya ko Mummo za ta daina son su. Barira ta so ta ce a'a. Ta ce ba ta sani ba.

Da safe sai da ta kai ta makaranta tukuna, don ba ta so a yi a gabanta. Ta dawo ta ɗaga kajin, ta ciro ledojin sun daskare kamar tsakuwa, ta zuba a bokitin Anti Ramatu, ta fita. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofofin biyu, amma ta ji kamar da ƙafa ta je Oulu.

Aune tana kwaɓa fulawa. Barira ta ɗora bokitin a kan tebur, ta durƙusa a ƙasa yadda aka koya mata tun tana ƙarama in za a ba babba haƙuri. Tsohuwar ta ja da baya kamar an watsa mata ruwa, ta ce ta tashi, ƙasan akwai sanyi. Barira ba ta tashi ba. Ta faɗi komai, suna da hoto da motoci biyu, yaren yana kakkarye mata a baki. Ta ce ba Veikko ba ne, bai san komai ba. Ta fara jero ban haƙuri, Aune ta ɗaga hannu mai fulawa ta tsayar da ita.

Ta buɗe leda ɗaya ta duba jajayen. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, kamar da kanta take magana, ita ba ta ce mata kada ta faɗa ba. Ba ta taɓa sanin abu ne da sai an ce ba. Zuciyar Barira ta ɗan fara sauka. Sai tsohuwar ta ɗago.

"Yarinyar ta sani?"

"Ta sani, Mummo. Ni na hana ta faɗa."

Nan ne fuskar Aune ta canza, canjin da ko a fadama ba ta yi ba. Ta rufe ledar ta ɗaure bakinta tamau.

"Na ba ta maganin tsutsa," in ji ta. "Hilla ta fito baɗi ko kar ta fito, wannan tsakanina da Eino ne. Amma yarinya ba firiza ba ce, Barira, da za ki cusa abu a ciki ki danne."

Barira ta kasa ɗaga kai. Ta ce yau tana da aikin yamma, in Mummo ba za ta iya ɗauko Iklima ba ta fahimta, za ta nemi wani. Aune ta wanke hannu, ta sa rigar sanyi, ta ce ta ɗauko bokitin ta biyo ta.

Veikko yana bakin rumbun itacensa. Da ya hango su ya ajiye gatari. Aune ta tsaya a gabansa ta ce, "Ba kai ba ne."

"Na san ba ni ba ne," in ji shi. "Mene ne ba ni ba?"

Aune ta nuna Barira da haɓa. Dole ta sake faɗa tun daga farko, a tsaye a tsakar gidan mutumin, bokiti a hannu. Veikko ya leƙa ciki ya yi wani ɗan fito. Ya ce tun yana da gashi a kai yake roƙon a nuna masa fadamar ubansa, yanzu ga shi duk garin sun san hanya har da mutanen Ghana, shi kaɗai ne bai sani ba. Ya ce baƙinsa kuwa kasuwa ya kai su ya saya musu a kwalba, ya ce musu shi ya tsinko. Aune ta ce dama ta san ƙarya ce sana'arsa. Ya ce to mai gaskiya, ina burodinsa? Ta ce fulawa tana kan tebur, in bai cika ta da surutu ba zai samu.

Sai ya juyo wajen Barira, muryarsa ta yi ƙasa. "Ke kuma kin ce mini ba ki sani ba."

Ya ɗauki gatarinsa. Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Ta tafi aiki ba ta san matsayinta ba. A hanya ta kira Anti Ramatu ta roƙe ta ta zauna cikin shiri ko za a buƙaci ɗauko yarinya, ta kuma roƙe ta kada su sake komawa wurin nan. Anti Ramatu ta ce ikon Allah, yanzu a kan 'ya'yan ciyawa ake wannan zaman makoki? Ta ce ita ba za ta koma ba, sauron ma ya ishe ta, amma hoton kam ya riga ya zaga, har 'yan Somaliya sun tambaye ta. Barira ta gane fadamar ta tafi ke nan, ba ta da hanyar dawo da ita.

Tana shafa wa wata tsohuwa mai a ƙafa idonta yana kan agogo. Da lokacin tashin yara ya wuce ta shiga banɗaki ta kira makarantar. Malamar ta ce ai kakar Iklima ta zo ta ɗauke ta tun ɗazu, kamar kullum. Barira ta zauna a kan murfin masai ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar bokiti, sannan ta wanke fuska ta koma ta ƙarasa ɗaya ƙafar.

Iklima ta warke. Ta koma rugawa, ta koma cin abinci, har ta yi ƙiba kafin sanyi ya shigo. Abin da ke tsakanin uwarta da Aune ne bai koma daidai ba. In Barira ta je ɗaukar ta, a bakin ƙofa ake miƙo ta, a gaya mata abin da ta ci da lokacin da ta yi barci, a ce sai gobe. Babu gaba, babu kuma kofi. Veikko yana ɗaga mata hannu in ta wuce, amma ya daina tsokanarta, kuma a wurinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Barira ba ta yi ƙorafi ba. Takan dafa dafa-duka ta aika Iklima da shi gidajen biyu, kwanukan su dawo a wanke.

Da ganye ya fara ja, lokacin naman kaza, wata Lahadi Aune ta ƙwanƙwasa da sassafe ta ce a sa wa yarinya takalman roba. Barira ta miƙa hannu za ta ɗauko nata, tsohuwar ta ce motar ba wuri. Ta taga Barira tana ganin motar, ba kowa a ciki sai kwando ɗaya. Ta ce to, ta ɗaure wa 'yarta hula, ta sa mata burodi a aljihu, ta tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Da la'asar Iklima ta dawo da kwandon cike da naman kaza masu ruwan ƙwai, kumatunta sun yi sanyi, tana ƙamshin hayaƙi. Barira ta karɓa tana yabawa, bakinta ya riga tunaninta, ta ce a ina suka samo wannan uban yawa haka. Yarinyar ta dube ta, ba fushi ba tsoro, ta ce, "A daji." Ta wuce ta cire takalmanta.

Barira ba ta sake tambaya ba. Ta ɗora kasko ta soya su da man shanu da albasa yadda Aune take yi, suka ci su biyu.

Ke da kike zaune cikin mutanen nan da 'ya'yanki, ki ji da kyau. In ɗayansu ya ɗauke ki ya kai ki wani wuri cikin daji, ki bar wayarki a aljihu, in kin dawo ki kama bakinki, ko an ce miki ko ba a ce ba, kuma ba za a ce ba. In kuwa kin riga kin yi ɓarnar, ki je ki faɗa da bakinki tun ranar. Kada ki ba ɗanki ajiyarta.